Kangon gabas da masallaci: na ƴan balo ne, ko na masu dara?

Mushe Habu: Salamu alaikum ƴan unguwa, na nan Tawa da waɗanda ke wajen bida. Maganar kangon gabas da masallaci ce. Mai unguwa ya nuna muna takardar rabon filaye, tun farko wurin na jama'a ne, ba a ba kowa shi ba. Jiya ni da Laminu munka ja igiya: mita 60 daga kudu zuwa arewa, 40 daga bangon masallaci zuwa hanya. Abin da ƴan uwanmu na Abijan da Libiya sunka turo, haɗe da na nan gida, ya kai jikka 900. An ce a yi wurin wasa. To, wasan wa? Ga su Baba Mamman da dararsu gindin bedi, ga yara na buga balo bisa juji. Kowa shi faɗi tashi, amma ban da baƙar magana, iyayenmu na cikin zauren nan.

Laminu: Mushe, ai ba ta kai ga shawara ba. A kwashe shara, a share, a kafa raga biyu. An gama.

Sani Abijan: A'a Laminu. Balo ko bisa hanya an buga. Ni abin da nike so ɗiyanmu su samu shi ne irin wanda nike gani nan: lilo na ƙarfe, abin sulu, abin juyi, duka da fenti ja da shuɗi, an kewaye da waya, ga mai gadi bakin ƙofa. Ran salla a riƙa amsar dala ashirin ashirin, wurin shi riƙe kanshi. Zan turo hotuna in na tashi daga aiki.

Hajiya Rabi: Sani ƙanena, Allah shi saka da alheri da kuɗin da kunka turo, amma ka daɗe ba ka yi bazara a Adar ba. Bara cikin watan Afrilu na tafi Yamai wajen ɗiyata, munka kai jikana wani wurin wasa irin wanda kake faɗi. Ƙarfe huɗu na marece fa, ba tsakar rana ba. Yaro da ɗan gajeren wando ya hau abin sulun nan, kafin ya kai ƙasa ya tsala ihu. Bayan cinyarshi duka ya yi ja, wuri ɗaya har ya tashi kamar an ɗora mishi bakin tukunya. Kwana biyar yana kwana rub da ciki. Ni kuma da na raka shi ban samu inda zan sa ɗuwawu ba, benci ɗaya ne, shi ma na ƙarfe, shi ma cikin rana. Tsaye na yi ina riƙe da waya kamar wadda ta zo biko. Garin da zafi ke wuce 40 wata da watanni, ƙarfe ba abin wasa ba ne, tanda ce.

Sani Abijan: Subhanallahi. Allah shi ƙara sauƙi Hajiya. To ai sai a yi mishi rumfa.

Hajiya Rabi: Rumfar ita ce maganar. In an yi ta, sauran duk cikon kaya ne.

Nasiru: Kakana Baba Mamman ya ce in rubuta muku, shi ba ya iya latse-latsen nan. Ga abin da ya ce, ban rage ba ban ƙara ba:

"Ka gaya musu bedin nan da hannuna na dasa shi, zamanin Samariya, Kunce na bisa mulki. Ni nib ba shi ruwa da tulu har yag girma. Tun sannan muke dara gindinai. Gurbi talatin ne, ɗiya sha biyu sha biyu, wani da kara wani da tsakuwa, ba mu roƙi kowa suminti ba. Sau biyu cikin watan nan balon yaran ga tana faɗowa tsakiyar dara. Ta biyun saura taki guda in ci Alhaji Ada, ga uku sun kusa jeruwa, sai ga ta dim, kara da tsakuwa kowa yak kama gabanai. Alhaji Ada har yau cewa shikai Allah ne yat taimake shi. Ban hana yaro wasa ba, ni ma na yi langa har ƙahwata ta goce. Amma in za a tashe mu, a gaya muna inda za mu."

Laminu: Baba, Allah shi ba ka haƙuri, ni da kaina na ja kunnen wanda ya buga ta. Ba wanda zai tashe ku. Sai dai a duba mu ma. Ku shida ne ko bakwai gindin bedi. Yaran unguwar nan fa? Ƙasar nan kusan rabinta ba su kai shekara 15 ba, in ka leƙa lungunmu da marece sai ka rantse sun fi rabi. In an kore su daga kango, gudron za su koma, tsakanin ƴan kabu-kabu. Kun san abin da ya samu yaron gidan mai injin niƙa da azumi.

Malam Idi: Ni ma ina da tawa. Bangon da yara ke auna balo gare shi, bangon alƙibla ne. Mutum na tsakiyar sallar la'asar sai shi ji dum saitin goshin liman. Wasa ba haramun ba ne, amma a ba salla haƙƙinta.

Mushe Habu: Allah gafarta Malam, an rubuta. Zara'u, tun ɗazu ina ganin kina karantawa. Ke kika yi karatun zanen gine-gine, kada ki yi muna shiru.

Zara'u (Yamai): Ina wuni iyayena da yayyena. Na bari ne manya su gama. Abin da na lura, kowa na maganar abin da za a saya, alhali matsalar ta inda za a ajiye kowane abu ce.

Ku ɗauki rana tukuna. Lokacin da ake cika wurin nan daga la'asar ne zuwa magariba, rana na yamma. Ke nan bangon masallaci da bedin Baba suna jefa inuwa cikin filin kyauta, kuma tana ƙara tsawo har faɗuwar rana. Wannan gefen na masu zama ne, ba sai an yi gardama ba. Filin balo sai ya koma gefen gabas, bakin hanya, a miƙe daga kudu zuwa arewa, kamar mita 40 da 22. Dalili biyu ne. Mai tsaron raga ba zai fuskanci rana ba, sannan bugu mai ƙarfi wajen raga yake tafiya. Yanzu yara sun sa ragarsu gabas da yamma, shi ya sa dara da bangon alƙibla suke shan duka. In an juya ta, su Baba sun zama ƴan kallo a gefe, ba a bayan raga ba. Duk wanda ya taɓa zuwa kallon balo ya san bambancin.

Abin da ke tsakiya shi ne na ƙanana. Da'irar yashi, a zuba ya kai santimita 30, a kewaye ta da dakali. Dakalin nan shi ne komai: yaro ya hau ya yi tsalle, ya ja motar gwangwaninsa a kai, tsohuwa ta zauna ta miƙe ƙafa tana ganin jikanta. Ba ni na ƙirƙiro ba. Wani mai zane a Holan, Aldo van Eyck, tun 1947 ya fara irin wannan a Amstadam, ya yi fiye da 700, yawancinsu yashi ne da dakali da ɗan abin hawa, ba shinge ba ƙofa. Kuma ba sai mun je Turai ba. Ku da ke gida, ku dubi kasuwar Dandaji nan cikin jaharmu, wadda Mariam Kamara ta zana aka gama a 2018. Tsohon iccen da ake cin kasuwa gindinsa ba ta sare shi ba, ta bar shi tsakiya ta yi masa wurin zama kewaye, aka gina rumfuna da tubalin ƙasa, inda babu icce ta yi laimomin ƙarfe sama can don inuwa. Bedin Baba shi ne namu iccen. Daga gindinsa za a fara awo, ba daga raga ba.

Nasiru: Na karanta ma Baba. Ya ce wace ce wannan, na ce jikar marigayi Alhaji na bakin rijiya. Ya ce ashe matarshi ce, to ta dawo gida hakanan, tuwon Yamai ya ishe ta.

Zara'u (Yamai): Ka ce wa angon nawa sai ya sa haƙoran gaba tukuna, ba ni zama da mai wawulo.

Haɗiza: Ku yi haƙuri in katse dariyar. Saƙo wajen ashirin ke nan, ban ji wanda ya ce ƴan mata ba, sai a yi ta cewa yara, yara, kuma duk mun san maza ake nufi. Mu da munka tashi unguwar nan muna da dandali. Farin wata ya fito, an gama tuwo, sai gaɗa har a zo a kore mu da tsumagiya. Da rana carafke ƙofar gida. Yanzu ɗiyata mai shekara tara daga lakwal sai tallar ƙuli, sai wanke-wanke, sai waya in ta samu ta ubanta. Ran nan na ce ta yi mini waƙar gaɗa guda, ba ta kai ƙarshe ba. Ba laifinta ba ne, ina za ta koya?

Kuma Zara'u, da kika ce tsohuwa ta zauna bisa dakali: wace tsohuwa ce za ta ratsa ta gaban majalisar maza, ta wuce ƙofar masallaci, ta zo ta miƙe ƙafa? Innata ko da kuɗi ba ta yi. In ƙofa ɗaya ce, wurin na maza ne, ko me kunka rubuta bisa allo.

Zara'u (Yamai): Yaya Haɗiza kin kama ni, wallahi ban yi wannan tunanin ba. To kusurwar kudu maso yamma, wajen lungun da ke zuwa injin niƙa, nan mata ke bi dama. A buɗe mashiga ta nan, a yi rumfa da dakalinta daban, ta fuskanci yashi, ta ba majalisar dara gefe. Yashin ya zama tsakanin su biyu, kaka namiji na gani daga arewa, kaka mace daga kudu.

Haɗiza: Da makewayi. Da randa ko famfo. Mai goyo da tsoho ba su zama inda babu waɗannan biyun.

Hajiya Rabi: Kuma dakalin a yi mishi majingina, kada shi yi ƙasa da yawa. Mu masu ciwon gwiwa zama ba wuya, tashi ne aiki.

Zara'u (Yamai): Santimita 45 Hajiya, da ɗan tudu a gefe na dafawa. Na su Baba kuwa a bar musu ƙasa, dara ba ta yiwuwa bisa suminti.

Ilu mai waya: Akwai caja da batir masu kyau sun iso, mai so shi yi magana.

Mushe Habu: Ilu, na goge. Ba yau ba.

Laminu: Tsarin balo na yarda da shi, ko da filin ya ƙanƙance, shida shida ma wasa ne. Amma bari in faɗi wata gaskiya da ba a so a faɗa. Mu ƴan fada ba mu zama inda su Baba ke kallonmu. Ba don muna wani abin assha ba, shayi ne da belot da gardamar balon Turai. Amma cikin masu darar nan akwai surukina. Yaya zan buga karta ina ihu, in ɗaga kai mu haɗa ido? Ko hula ban iya cirewa. In kunka haɗa mu wuri guda, mako ɗaya za ku ga mun kwashe butarmu mun koma bakin gudron.

Mushe Habu: Wannan ita ce maganar da nike jira. Mu wurinmu tsoho da ƙaramin yaro ba su taɓa zama matsala ba. Kaka da jika abokan wasa ne, kun dai ji Baba da Zara'u yanzu. Kakata har ta rasu maigida take ce mini, in na shigo ta ce ina cefane. Inda kunya take shi ne tsakiya: uba da ɗan fari, suruki da suruki, saurayi da sa'ar ubanshi. Waɗanda ke rubuta littattafan tsara irin wuraren nan a ƙasashen sanyi, damuwarsu yadda za su jawo tsoho kusa da yaro, don can kowa na gidanshi shi kaɗai. Mu tamu damuwar daban ce, yadda za a bar wa kowa ɗan nisan da zai sake. A ji muryar juna, a ga wanda ya shigo da wanda ya fita, amma ba ido cikin ido ba. Ko cikin gida haka magabata sunka yi, ga zaure, ga shigifa, ga tsakar gida, duk gida ɗaya.

Zara'u (Yamai): To fada ta tafi arewa maso gabas, bayan raga, a sa waya mai tsawo tsakani. Ku ke buga ta, in ta tsallake ku za ta faɗo wa. Tsakaninku da bedi a ja zana, ko a dasa lalle ya yi shinge. In kuɗi ya ragu, tsakanin nan ya isa layin fetank, wasan nan na jifa da ƙwallon ƙarfe, mita 15 da 4 ne cikakkensa, ƙasa ce kawai da tsakuwa. Nan Yamai ina ganin mai furfura da ɗan lise suna jifa tare, shi ne wasa ɗaya da na ga kunyar nan ba ta hana ba.

Malam Idi: Mushe ya yi magana. Nawa sharaɗin biyu: in an kira salla a aje balo, kuma in za a yi gaɗar dare, a sa fitila mai hasken rana, iyaye mata na zaune, a tashi da wuri. Wuri mai duhu bayan isha'i ba sai na faɗi abin da yake zama ba.

Sani Abijan: Ni dai ina ta saurare. Watau mu da munka ɗauki kaya a ka cikin ruwan Abijan munka turo kuɗi, abin da za a nuna muna yashi ne da dakalin laka? In na zo da salla me zan ce wa sauran? Ko hoto ba ya yi.

Hajiya Rabi: Hoto kake so ko wurin da za ka zauna in ka gama bidar ka dawo da sanda? Kai ma gindin iccen nan za ka ƙare, ƙanena.

Sani Abijan: Hajiya kin fi ƙarfina. Amma lilo dai a yi shi, ko guda biyu. Da mai gadi. Kun san halinmu, abin kowa ba na kowa ba ne. Wata uku za ku ga an kwance waya an kai kasuwa, awaki sun cinye dashe, wata ta dawo da zuba shara da dare.

Alhaji Bube: Sani bai yi ƙarya ba wajen awaki. Na yi aikin gandun daji shekaru, na san abin. Duk 3 ga Agusta ana dashe, a ɗauki hoto, a watse. Je ka duba da bazara ka ƙirga masu rai. Amma ku tafi Majiya wajen Buza ku ga layukan bedin da anka fara dasawa tun 1975 don tare iska. Sun tsaya ne don an sa masu tsaro sun hana dabbobi har icce ya fi ƙarfin baki. Icce shekara biyun farko yake so, ruwa da kariya. Shawarata: kada ku dasa hamsin, ku dasa goma sha biyu, kowane a kewaye shi da tubali, a ɗaura shi wuyan gida guda. Ruwan alwalar masallaci da ke malala banza cikin lungu, a ja mishi ƴar hanya zuwa gindin na kusa. Bedi ya fi saurin inuwa. Gawo na da kyau don da rani yake ganye, sai dai wanda ya dasa ba lalle shi sha inuwar ba. Kada a sa aduwa, ƙaya. Magariya kuma jifa za ta jawo muku kan masu dara.

Haɗiza: Tsamiya fa Alhaji?

Alhaji Bube: Ni ba ruwana, amma ke za ki bar ɗiyarki gindin tsamiya da magariba?

Haɗiza: A bar ta.

Zara'u (Yamai): Yaya Sani, lilo zai yiwu: ginshiƙan icce, igiya, mazaunin taya, cikin inuwa, yashi a ƙasa. Sai dai duk tayar da za a sa a huda ta, in ba haka ba da damina gidan sauro ce, da rani ta kunama. A yi musu fenti ja da shuɗin da kake so. Mai gadi kuwa, ban ga wanda ya kai su Baba ba. Daga hantsi har magariba suna nan, sun san ɗan kowa da jikan kowa, ba a biyansu ko dala. Wurin da tsoho ke zaune ba a kwance masa waya. In an sa ƙofa da kwaɗo da kuɗin shiga, su za su fara daina zuwa, sai ɗiyan talakawa.

Nasiru: Baba ya ce yashin nan da ake faɗi, in ya kai taki goma a faɗi, a bar mishi shi ran Alhamis da marece. Ya ce yaran yanzu ba su iya ko kama ƙugu ba, sai kallon kokowa a tele. Ya ce a nan Tawa anka fara kokowar ƙasa a 1975, da idonshi ya ga Kantu na Maradi ya ɗauka, kuma abin kunya ne unguwa guda a rasa yaron da za a kai fili. Shi da Alhaji Ada za su koya musu. Wai Alhaji Ada ya yi kokowa da ƙuruciya, ko da yake Baba ya ce bai taɓa ganin ya kada kowa ba.

Laminu: To ka ga, da safe ƙanana, Alhamis kokowa, dare gaɗa. Yashi ɗaya. Sani, wannan ai ya fi hoto, bidiyo za mu turo maka.

Sani Abijan: Sai na gani. Ban janye maganar waya ta gefen hanya ba dai, kada yaro shi bi balo cikin mota.

Mushe Habu: Wannan kam dole ce, ita za a fara saye. Ga abin da nike gani: kada a taɓa ko dala yanzu. Asabar bayan la'asar a fito da tsintsiya da kwando a kwashe juji. Zara'u ta turo zanen, mu bi shi da toka bisa ƙasa, a kafa raga da sanduna, a shimfiɗa tabarmi inda dakali zai zauna, a ɗaura zana wajen fada. A yi mako biyu haka. Inda toka ta yi kuskure, ƙafa ta share, ba a yi asarar buhun suminti ba. Haɗiza, ke za ki zo da su Inna su gwada mashigarsu, in ba su shigo ba mun san ba ta yi ba.

Haɗiza: Zan kawo su. A tanadi goro.

Alhaji Bube: Ina da igiyar awo da turaku. Wa ke da amalanke?

Laminu: Ƴan fada za su zo da biyu. Nasiru, ka tambayi Baba ko za su ɗan matsa ran Asabar, ƙura za ta yi yawa.

Nasiru: Na tambaye shi. Ya ce ku fara sharar daga kudu, shi yana da bashin ci guda wajen Alhaji Ada, sai ya amsa zai tashi.